Sikelin Barma

Ranar da muka karya kwaɗon ƙofa,
jemagu suka fito kamar hayaƙin tanderu.
Kyari magini ya ja baya, ya toshe hanci da hula:
"Hajiya, wannan kika saya da kuɗinki?
Da fili kika nema a hanyar Tanut,
da yanzu mun kai linta."

Ban tanka ba, ƙasa nake kallo.
Shekara arba'in da mutuwar injin
amma daɓen bai daina zufar mai ba.
In rana ta take, ƙamshin ƙuli-ƙuli ke tasowa
kamar wata tsohuwa na suya a ƙarƙashinmu.

A nan Barma, mahaifina, ya bar ƙuruciyarsa.
Shi ne mai awo.
Buhu ya sauko daga kaminyo, ya hau sikeli,
shi kuma ya ja gawayi a bango:
huɗu a tsaye, na biyar ya gitta.
Gyaɗar Matamai, gyaɗar Magarya,
duk ta gaban idonsa ta wuce,
abin da ya kai gida
tari ne, da yatsa tara da rabi.

Muka yanka ɗakin da ya haɗiye buhu dubu.
Inda injin matsa ke ruri, nan na kafa murhu.
Ramin da mai ke taruwa, wanki bakwai ya sha
kafin ya yarda ya zama tankin ruwa,
don duk ɗan Damagaram ya sani
famfo alkawari ne, garuwa ce gaskiya.
Muka huda tagogi ta gabas.
Haske ya shigo yana ɗari-ɗari
kamar baƙon da bai san mai gida ba.
Ƙarafunan rufi muka kankare, muka shafa musu shuɗi,
a bisansu faifan sola na shan rana
inda kwano ya sha tsatsa.

Sikelin ne ya ƙi ɗaguwa.
Ƙarti shida suka gwada, suka ce an dasa shi.
Na ce a bar shi a falo, a zagaye shi da tayil.
Tsahara, autata, ta haye tana dariya,
ta ce, "Inna, na rame!
A lakwal ashirin da takwas ne, nan da shida."

Washegari tsoho Ari ya zo ganin gida,
shi da ya yi dako a nan tun yana da baya.
Ya dafa sikelin kamar mai gaida aboki.
"Bai lalace ba, ɗiyata, haka aka ɗaura shi.
Kilo biyu a kowane buhu, na masu izini ne."
Sai ya sa sanda ya nuna mini gindin bango,
can ƙasa, inda sai ka durƙusa:
wani layin gawayi, ƙanana, a matse,
ya tafi har kusurwa ya juyo.
"Na sama lissafin buro ne.
Na ƙasa kuwa na manoma,
Barma ya ce akwai inda za a tambaye shi."

Kyari na tsaye da cokalin siminti a hannu.
Bango ɗaya ya rage masa.
Na ce, "Wanke cokalinka."

Yanzu ina da gida mai sanyi a tsakiyar bazara,
firji na guna, ƴaƴana na karatu da dare.
Baƙi na yaba tsawon rufi,
su ce wannan bangon fa, kuɗi ne suka ƙare?
In ce musu, a'a, bashi ne bai ƙare ba.

Na taɓa durƙusawa in ƙirga.
Na kai ɗari tara, aka kira magariba.

Ran Alhamis mata kan biyo da gyaɗa a ƙwarya.
In sun auna mini tiya biyu
nakan biya uku.
Wata ta ce, "Hajiya, kin yi ɓatan lissafi."
Na ce, ba ni na fara ba.